Photomatix Pro a gaban tanderun ƙarfe na Duisburg: abin da manhajar ta iya da abin da ta bar wa mai hoto

Duk wanda ya taɓa tsayawa da kyamara a gaban masana'anta bayan faɗuwar rana ya san irin takaicin da ke cikin wannan aiki. Ido yana ganin komai a lokaci guda: jan shafaƙi a yamma, fitilun da suka fara kamawa a jikin bututun hayaƙi, da tsatsar da ke kwance a kan ƙarfen da inuwa ta rufe. Amma da zarar an danna, sai kyamara ta ɗauki ɗaya ta zubar da sauran. Idan ta kama sararin sama da kyau, sai ginin ya zama baƙin dunƙule wanda ba a bambance bututu da matakala a cikinsa; idan kuwa ta kama ginin, sai sama ta ƙone ta zama fari fat, fitilun su koma tabo marasa launi. Manhajar Photomatix Pro, wadda kamfanin HDRsoft ya fara fitarwa a shekarar 2003, don maganin wannan matsala aka yi ta, kuma na shafe makonni ina gwada ta a kan hotunan da na ɗauko cikin yammaci uku na watan Oktoba a birnin Duisburg na ƙasar Jamus.

Dabarar da manhajar take aiki da ita, wadda masu hoto suke kira HDR, ba ta da wuyar fahimta. Masu wannan sana'a suna auna haske da mataki, kuma kowane mataki ɗaya ninki biyu ne na wanda ke ƙasansa, ta yadda mataki 10 yake nufin haske ya ninka sau 1,024. Kyamara mai kyau ta zamani tana iya riƙe kusan mataki 14 a hoto ɗaya idan an ɗauka da ISO (ma'aunin saurin kama haske na kyamara) mafi ƙanƙanta, sai dai matakan da ke can ƙasa cike suke da tsaki-tsaki, wato ɗige-ɗigen da suke ɓata hoto, kuma tazarar da ke tsakanin ƙwan fitila da ƙarƙashin gadar ƙarfe da almuru takan zarce wannan iyaka. Saboda haka sai a kafa kyamara wuri ɗaya a ɗauki hoto uku ko biyar, wani mai duhu wanda ya kama fitilu da sama, wani matsakaici, wani kuma mai haske wanda ya tono abin da ke cikin inuwa, sannan a haɗa su. Tunanin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, domin tun a shekarun 1850 Bafaranshen nan Gustave Le Gray yake haɗa gilashin hoto biyu, ɗaya na teku ɗaya na sama, ya wanke su a takarda ɗaya. Lissafin da ya buɗe wa kwamfuta hanya kuwa, sanannen cikinsa shi ne wanda Paul Debevec da Jitendra Malik na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gabatar a 1997.

Haɗa hotunan rabin aikin ne kawai. Abin da ake samu bayan haɗawar ya fi ƙarfin allon kwamfuta na yau da kullum, balle takarda, don haka dole a sake matse shi ya shiga cikin ɗan zangon hasken da allo ko takarda za su iya nunawa. A wajen wannan matsewa ne manhaja take nuna gwanintarta ko ta tona asirin kanta, kuma a nan ne Photomatix ta yi suna, mai daɗi da marar daɗi.

Na zaɓi Duisburg ne domin da wuya a sami wurin da ya fi ta tsananta wa irin wannan manhaja. A unguwar Meiderich akwai tsohuwar masana'antar narka tama da August Thyssen ya kafa a 1901, wadda ta yi aiki har zuwa 1985. Maimakon a rushe ta a sayar da ƙarfen, sai aka mai da ita wurin shaƙatawa mai faɗin kimanin kadada 180 bisa tsarin Peter Latz, aka buɗe ta ga jama'a a 1994 da sunan Landschaftspark Duisburg-Nord. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a kuma rufe ƙofa dare da rana. Tun daga 1996 ake haskaka tanderun da bututun hayaƙin da fitilu ja da kore da shuɗi waɗanda Jonathan Park, wani ɗan Birtaniya, ya tsara, kuma a ƙarshen mako ne ake kunna su gaba ɗaya. Tanderu na 5 yana da matakala har zuwa wani dandamali mai tsayin mita 70, inda ake hango masana'antun da har yanzu suke aiki a wajen kogin Rayin. Wuri na biyu da na je shi ne Alsumer Berg, wani tudu da aka tara da ɓaraguzai a inda ƙauyen Alsum yake a da, wanda daga kansa ake kallon masana'antar gasa kwal ta Schwelgern tana fitar da farin tururi mai kama da gajimare duk lokacin da aka kwarara wa jan garwashin ruwa. Wuri na farko ya ba ni fitilu masu kaifin launi a kan baƙin ƙarfe, na biyun ya ba ni abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma waɗannan biyun su ne manyan abokan gabar HDR.

Kafin a zo ga manhajar, ya kamata in faɗi yadda aka ɗauki hotunan, domin babu manhajar da za ta gyara abin da aka lalata tun a fili. Na ɗora kyamara a kan madogara mai ƙafa uku, na tsayar da kafar gilashi, wato ramin da haske yake shiga, a f/8 da ISO 100, na kuma tsayar da ma'aunin farin launi wuri ɗaya don kada kyamara ta riƙa sauya ra'ayi tsakanin hoto da hoto. Tsawon lokacin buɗe ƙyauren kyamara kaɗai nake sauyawa, saboda idan aka taɓa kafar gilashi zurfin abin da ya fito tar zai bambanta, hotunan su ƙi haɗuwa. A daidai lokacin da hasken sama ya yi kunnen doki da na fitilu, jerin nawa ya kasance kashi ɗaya cikin takwas na daƙiƙa, rabin daƙiƙa, daƙiƙa 2, daƙiƙa 8, da daƙiƙa 30, wato tazarar mataki biyu-biyu. Jeri ɗaya yana cin fiye da daƙiƙa 40, kuma a cikin wannan ɗan lokaci sama tana ci gaba da dushewa. Bayan 'yan mintoci matsakaicin hoton da kansa ya koma daƙiƙa 8, na sama da shi ya kai iyakar daƙiƙa 30 da yawancin kyamarori suke tsayawa a kai, sai dole na ɗaga ISO zuwa 400. A Duisburg, wadda take can arewa, hasken bayan faɗuwar rana yana jan ƙafa har fiye da rabin sa'a, mutum ya yi sallar magariba a gefe ya dawo ya tarar da sauran shuɗi a sama. A Kano ko Zinder kuwa minti 20 da 'yan kai ne duhu ya rufe, saboda haka wanda zai yi wannan aiki a can sai ya gama kafa kayansa da zaɓen kusurwarsa tun rana tana sama.

Shigar da hotuna cikin Photomatix ba ya ɗaukar lokaci. Ana jawo jerin a saka, manhajar ta karanta bayanan da kyamara ta rubuta a jikin kowane hoto ta gane tazarar da ke tsakaninsu, sannan ta tambayi abubuwa kaɗan: ko a daidaita hotunan su hau kan juna, ko a kan madogara aka ɗauke su ko a hannu, ko a rage tsaki-tsaki a masu duhun, ko a cire jan layi da koren layin da gilashi yake haifarwa a gefen abubuwa, da kuma ko akwai abin da ya motsa. Daidaitawar ta yi mini rana a kan Tanderu na 5. Dandamalin na ragar ƙarfe ne, kuma duk lokacin da wani ya taka matakala daga ƙasa sai girgizar ta hau har ƙafar madogarata. A wani jeri hoto na huɗu ya goce kaɗan daga 'yan'uwansa, abin da ban lura da shi ba sai da na faɗaɗa shi a kwamfuta na ga kan kowane ƙusa ya zama biyu. Manhajar ta mai da shi mazauninsa ba tare da na sa hannu ba. Hoton da girgizar ta same shi a tsakiyar ɗauka kuwa, ya dishe ke nan, babu abin da za a yi masa, kuma laifin nawa ne da ban jira mutanen sun gama hawa ba.

Bayan haɗawa sai allon gyara ya buɗe, hoton a tsakiya, ma'aunai a hagu, jerin shiryayyun salo a dama. A nan ne nake ganin sabon shiga ya fi saurin ɓata. Salon da ake kira Painterly da Grunge suna da ɗaukar ido a kallon farko: kowace ƙwayar tsatsa ta fito, gajimare ya yi baƙi ƙirin kamar hadari na shirin zubowa, launuka suna ihu. Wannan kama ce da ta cika intanet a shekarun da HDR take tashe, har ta sa wasu masu hoto da yawa suka ɗauki sunan kansa abin kunya. Na gwada salon Grunge a kan hoton gadar loda tama da mutanen wurin suke kira Kada, saboda doguwar ƙirarta da koren hasken da ake haska ta da shi. Abin da ya fito ya yi kama da zanen bangon shagon wasan kwamfuta. Mafi muni, almurun ya ɓace ɗungurungum. An haskaka kowace inuwa, an danne kowane haske, har ba a iya cewa da rana aka ɗauka ko da dare. Mutum ya tsaya cikin sanyi yana jiran wannan ɗan lokaci mai wuyar samu, sannan ya zo da hannunsa ya goge shi.

Wannan kama tana fitowa ne daga hanyar matsewa da ake kira Details Enhancer, wadda ba ta duban hoton gaba ɗaya, sai dai ta bi shi yanki-yanki tana ƙara bambancin haske a kowane ɗan wuri. Amfaninta shi ne tana fito da saƙar jikin abu, illarta kuma zoben haske. Duk inda baƙin bututun hayaƙi ya ratsa sararin sama, sai a ga wani farin kewaye ya bi gefensa kamar wanda yake zagaye wata a daren hazo, cikin bututun kuma ya yi duhu daga sama ya yi haske daga ƙasa ba dalili. Masana'anta kuwa ba komai ba ce illa siraran layuka baƙaƙe a kan sama: bututu, waya, matakala, turaku. Abin da zai ɓuya a hoton daji ko na cikin ɗaki, a nan fili yake. Ana iya lallashin wannan hanya. Da na sauke ma'aunin ƙarfinta zuwa ƙasa da rabi, na tura ma'aunin daidaita haske wajen da ya fi kama da na zahiri, na kuma ɗaga wanda yake lallausa wurare masu haske, zoben ya ragu ƙwarai, amma bai tafi duka ba a gefen dogayen bututun hayaƙin nan uku.

Inda manhajar ta burge ni shi ne a hanyoyinta marasa hayaniya. Akwai wadda ake kira Fusion, wadda ba ta gina wani babban hoto ta matse shi, sai dai ta ɗebo daga kowane hoto wurin da ya fito daidai ta saƙa su wuri ɗaya, kamar yadda mai haƙuri zai yi da hannu a Photoshop cikin sa'a guda. Tun da daga hoto mai haske take ɗebo inuwa, tsaki-tsakin yana raguwa maimakon ya ƙaru. Akwai kuma Contrast Optimizer da Tone Balancer, ta biyun ta zo ne da fitowa ta 6 ta manhajar a 2017. Hoton Kada ɗin nan da salon Grunge ya lalata, da na bi da shi ta Tone Balancer sai ya dawo hayyacinsa. Sama ta riƙe shuɗinta mai duhu da ɗan ja a ƙasa, koren hasken ya tsaya a jikin ƙarfe bai malala ba, a ƙarƙashin gadar kuma ana ganin bangon rumbun tama da ciyawar da ta tsiro a tsagarsa, amma a dushe, yadda ido ya gan su. Na ƙara saukar da ma'aunin baƙi da gangan har wasu kusurwoyi suka koma duhu sosai, domin hoton almuru wanda babu baƙi na gaskiya a cikinsa ƙarya yake yi. Akwai kuma damar a gauraya sakamakon da ɗaya daga cikin hotunan asali, gaba ɗaya ko a wani yanki da aka shafa da buroshi, kuma na yi amfani da wannan wajen mai da sararin sama yadda kyamara ta gan shi a hoto na biyu, abin da ya kashe sauran zoben hasken baki ɗaya.

Jan launi ya koya mini wani darasi da ban zo da shi ba. A yammacin farko na dogara da jadawalin haske na bayan kyamara, wanda ya nuna mini cewa babu abin da ya ƙone a hoto mafi duhu. Da na zo gida sai na tarar jikin tanderun da jar fitila ta haska ya zama shafaffen ja, babu ƙusa, babu tsatsa, babu layin walda. Dalili shi ne kyamara tana rubuta ja da kore da shuɗi daban-daban, kuma fitila mai launi ɗaya tana iya cika ma'aunin ja ya tumbatsa alhali jimillar hasken ba ta kai ko'ina ba. Photomatix ba ta iya ƙirƙiro abin da babu shi a ko ɗaya daga cikin hotunan, kuma da na matsa mata sai jan ya karkata ya koma ruwan lemo mai ɗauke da dabbare-dabbare. A yammaci na biyu na kunna jadawalin launuka uku, na ƙara hoto ɗaya mai duhu a ƙasan jerin, sai ga layin walda ya fito a cikin jan. Wanda zai ɗauki wurin da ake haskawa da fitilu masu launi ya riƙe wannan, domin ya fi kowane ma'auni na cikin manhajar amfani.

Babban dalilin da zai sa in ce kuɗin manhajar ya halatta shi ne yadda take korar abin da masu hoto suke kira fatalwa. Idan wani abu ya motsa tsakanin hoto na farko da na ƙarshe, haɗawar takan bar inuwarsa a wurare da yawa. A kan Alsumer Berg komai motsi yake yi. Tururin Schwelgern yana tashi ya murɗe ya bi iska, jiragen ruwa na dakon kaya suna wucewa a kogin, jirgin ƙasa yana ratsa tsakiyar masana'antar da fitilarsa. A haɗawar farko da na yi ba tare da gyara ba, tururin ya fito kamar an jera yadin leshi uku a kan juna, gefensa da tabo masu launin toka. Manhajar tana da hanya biyu. Ta farko mai sarrafa kanta ce, a ja ma'auni a zaɓi hoton da za a dogara da shi. Ta biyun ita ce gwanar: mutum ya zagaye wurin da hannunsa, ya ce wannan yanki daga hoto kaza kaɗai za a ɗauko shi. Na zagaye tururin na ɗora shi a kan hoton rabin daƙiƙa, inda yake da siffa da murɗe-murɗensa, na bar sauran masana'antar ta amfana da dukkan jerin. Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu: yankin da aka ɗauko daga hoto ɗaya mai duhu yana zuwa da tsaki-tsakinsa, kuma idan zagayen ya ratsa ta kan wani abu mai haske ana iya ganin ɗinkin. Sau uku na sake zagayen kafin bakinsa ya bi ta cikin sama inda babu abin da zai tona shi. Duk da haka, minti biyar ne ya ci, aikin da a hannu zai cinye mini dare.

Akwai wuraren da manhajar take da iyaka, kuma ya kamata mai saye ya san su tun kafin ya biya. Tana buɗe ɗanyen fayil na kyamara kai tsaye, amma ba don wannan aka gina ta ba, kuma sakamakon ya fi tsabta idan an fara wanke hotunan a Lightroom, manhajar gyaran hoto ta kamfanin Adobe, ko makamanciyarta, aka gyara karkatar gilashi da launi, aka fitar da su a matsayin fayil ɗin TIFF mai bit 16, sannan aka miƙa mata. Akwai ɗan haɗin da yake zuwa tare da ita wanda yake tura hotuna daga Lightroom ya dawo da sakamakon, kuma da shi na yi yawancin aikina. Ba ta ajiye tarin hotuna ko tsara su, kayan gyaranta na ƙarshe kuma kaɗan ne, saboda haka abokiyar aiki ce ga wata manhaja, ba magajiyarta ba. Fuskarta ma ta tsohon yayi ce, sunayen ma'aunanta kuma ba sa bayyana kansu, sai an ja an gani. Ga wanda ya dawo da jeri 40 ko 50 kuwa, sashen da yake sarrafa su a jere ba tare da an tsaya a kansa ba yana rage wahala matuƙa, ko da yake ni na fi amfani da shi wajen haɗawa kawai, in bar matsewar in yi wa kowane hoto da kansa, tun da hasken almuru ba ya zama iri ɗaya minti biyu a jere.

Tambayar da ba za a kauce mata ba ita ce ko har yanzu ana bukatar manhaja ta musamman don wannan aiki. A 2003 babu wani zaɓi mai sauƙi. Photoshop ta sami nata haɗin a 2005, wayar iPhone ta fara yin HDR da kanta a 2010, Lightroom kuma ta shigo da nata a 2015. Na bi da jeri goma ta Lightroom don in kwatanta. Tana haɗa su ta ba da fayil ɗin DNG wanda ake gyarawa kamar kowane ɗanyen hoto, ma'aunin haskensa yana tafiya har mataki 10 sama da ƙasa, kuma kamanninsa na zahiri ne tun daga farko. A hotuna bakwai cikin goman, waɗanda babu motsi a cikinsu, ban ga abin da Photomatix ta fi ta da shi ba, a biyu ma na fi son launin da Lightroom ta bayar. A ukun da ke da tururi ne bambancin ya fito, domin a Lightroom matakai ne kawai ake zaɓa, kaɗan ko matsakaici ko mai yawa, manhajar ce take yanke inda za ta gyara, mutum ba ya zagaye wurin da kansa. Haka kuma dole in faɗi cewa a farkon almuru, kafin sama ta yi duhu sosai, hoto ɗaya tak da aka ɗauka da kyamarar zamani aka ɗaga inuwarsa ya wadatar. Jerin hotuna yana fara zama dole ne daga lokacin da fitilu suka fi sama haske.

Akwai ma masu ganin cewa duk wannan ado bai dace da masana'anta ba. Bernd da Hilla Becher, waɗanda suka shafe shekaru da dama suna ɗaukar tanderu da tankunan ruwa da hasumiyoyin ma'adinai a wannan yanki na Ruhr da wasu ƙasashe, sun yi aikinsu ne da fari da baƙi a ƙarƙashin lumshin sama, suna guje wa inuwa mai kaifi da gangan don siffar ginin ta fito ba tare da wani shauƙi ba. Sun warware matsalar tazarar haske ta hanyar zaɓen ranar da babu tazarar. Mai ɗaukar almuru ya zaɓi akasin haka, kuma ina ganin tuna aikinsu yana hana hannu yin nauyi a kan ma'auni.

Ta fuskar kuɗi, Photomatix Pro tana kusan dalar Amurka 100, biya ɗaya, kuma akwai ƙaramarta mai suna Essentials wadda ba ta kai rabin haka ba amma an rage mata kayan aiki. Tana aiki a Windows da Mac, ba ta kuma bukatar intanet yayin da ake gyara. Ga wanda yake samun kuɗinsa da naira ko sefa, biya ɗaya ya fi sauƙin ɗauka a kan kuɗin wata-wata da Lightroom take bukata, wanda nauyinsa yake hawa duk lokacin da canji ya tashi. Wanda ba shi da halin ko ɗaya yana iya farawa da Luminance HDR ko Enfuse, waɗanda kyauta ne, sai dai suna bukatar ƙarin haƙuri.

A ganina, wanda ya riga yana biyan Lightroom kuma yawancin hotunansa na abubuwan da ke tsaye ne ba ya bukatar ƙara wannan kashe kuɗi. Wanda aikinsa ya shafi masana'antu masu rai, inda hayaƙi da tururi da motoci suke cikin kowane hoto, ko mai ɗaukar gine-gine da yawa wanda yake son sarrafa jeri masu yawa a lokaci ɗaya, shi ne kwalliya za ta biya wa kuɗin sabulu, da sharaɗin ya kau da kai daga shiryayyun salon nan masu ƙyalli ya zauna a kan Fusion da Tone Balancer. Gwajin manhajar kyauta ne kuma ba ya ƙarewa, illa dai tana buga tambarinta a jikin hoton da aka ajiye har sai an biya. Shawarata ita ce kada a gwada ta da hoto mai sauƙi. A nemi jeri mafi wuya da ake da shi, mai siraran turaku a kan sama da wani abu mai motsi, a haɗa shi, sannan a faɗaɗa gefen bututu mafi tsawo har ya cika allo a duba ko akwai farin zobe a jikinsa.

Daga cikin duk abin da na ɗauko a yammacin nan uku, hoto biyu na kai aka buga mini a takarda. Ɗaya na Kada ne, wanda ya bi ta Tone Balancer aka mai da masa samansa na asali. Ɗayan na Schwelgern ne daga kan tudu, tururin daga hoton rabin daƙiƙa, sauran daga hoto biyar, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na takardar baƙi ne wanda na bari da gangan. Mai bugawar ya tambaye ni ko ya ɗan haskaka masa ƙasan, na ce ya bar shi yadda yake.